Bayan faretin yaye kurata, wa ke bin sawu?

Duk lokacin da aka yaye sababbin 'yan sanda a Kaduna ko Maiduguri ko Wudil, fareti ake nuna mana: takalma na ƙyalli, ƙafafu na tashi tare, manyan baƙi na tafi. A faɗi adadin waɗanda aka yaye, a watse. Wa ke komawa bayan shekara ya duba ko karatun ya zauna?

A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya tona halin da kwalejin 'yan sanda ta Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana duk sun lalace, har shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. An sha maganar gini da katifa. Ba laifi, domin wanda aka horar cikin wulaƙanci da wuya ya mutunta wani. Sai dai fenti ba zai gaya mana abin da kurtu ya koya ba.

Ma'aunin kuwa a fili yake. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. A bangon caji ofis ma an rubuta beli kyauta ne. To je ka tsaya a gaban kantar caji ofis da safe. Dattijo ya zo belin ɗansa, ya rusuna yana "ranka ya daɗe", hannu na lalube a aljihu, don ya san rubutun bango ado ne kawai. Sabon ɗan sandan da ke riƙe da rajista yana kallo, bai ce uffan ba. Nan ne makarantarsa ta gaskiya. Mako biyu a gefen sajen da ya tsufa a shingen hanya sun isa su wanke duk watannin kwaleji.

Da aka rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi da makami, a Oktoban 2020, bayan kwana biyu aka sanar da sabon sashe mai suna SWAT a madadinsa, da alƙawarin sabon horo. Kullum horo ne maganin, amma ba a auna majinyacin bayan ya sha.

Tun 2015 rundunar 'yan sanda ke da sashen karɓar ƙorafin jama'a. A ɗauki ƙorafe-ƙorafen nan a bi diddigi: jami'in daga wace kwaleji ya fito, wace shekara, wane DPO, wato shugaban caji ofis, ne a kansa? In sun taru a kan kwaleji ɗaya, a gyara darussanta. In kuwa a caji ofis ɗaya suka taru, DPO ne zai fara komawa aji.