Supra ce ko BMW da ta sauya riga?

Wai wani mai rubuta labarin motoci cewa yake haɗa kayan mota tsakanin kamfanoni ba ya taɓa asalinta, ni kam ban yarda ba. Supra ɗin da Toyota ta fitar a 2019 injin BMW ne cikinta, masana'anta ɗaya ce ta harhaɗa su da Z4, motar BMW, a Ostiriya, ka ɗaga bonet ka leƙa da kyau za ka ga tambarin BMW jikin kaya, to ina Toyotar take? Mu nan Gusau ai don bakanike na kwance ta ido rufe muke son Toyota. Kai kuma malam mai yabon Lamborghini, tun 1998 Audi ta saye ta fa, motarta Urus gindinta ɗaya da Q8 ta Audi. Kuɗin doki kake biya ko na sirdi?