Rigar Nelson da Motar Murtala

A gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich, a kudu maso gabashin Landan, akwai wata shuɗiyar kwat ta soja cikin akwatin gilashi, wadda duk wanda ya matsa kusa zai ga ƙaramar huda a kafaɗarta ta hagu. Ita ce ke jikin Horatio Nelson, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin sojojin ruwan Birtaniya, ranar 21 ga Oktoba, 1805, sa'ad da jiragen yaƙinsa 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifaniya a Trafalgar, a tekun da ke gaɓar kudancin Sifaniya. Da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na rana wani soja daga can saman jirgin Faransa mai suna Redoutable ya harbe shi, harsashin ya shiga ta kafaɗa, ya ratsa huhu, ya karya ƙashin baya, amma bai cika ba sai wajen huɗu da rabi, bayan an shaida masa cewa nasara ta samu. Yana da shekara 47.

Turawa ba su tsaya ga rigar ba. A Greenwich ɗin an ajiye wandon da aka yanke da almakashi don a cire masa, da safarsa, har da gashin ƙeyarsa. Harsashin yana fadar Windsor, da ɗan zaren adon kafaɗa da ya tafi da shi. Jirginsa, Victory, yana Portsmouth, an kafa farantin tagulla a daidai inda ya faɗi. Gawar kuwa cikin gangar barasa aka tsoma ta don kada ta lalace a hanya, ba a kuma binne ta ba sai 9 ga Janairu, 1806, a majami'ar St Paul's.

A matsayina na Bahaushe Musulmi mai zaune a Ingila, wannan ɓangaren bai taɓa kwanta mini ba. A wurinmu gaggauta binne mamaci girmama shi ne, tufafinsa kuma ko dai su shiga gado ko a yi sadaka da su. Wanda ya yi shahada a fagen daga ma da tufafinsa da jininsa ake rufe shi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu, saboda haka da a ƙasarmu irin wannan jarumi ya faɗi, da rigar tana cikin kabari tare da mai ita. Ba na ganin wannan a matsayin ci baya, kuma ba na fatan ranar da za a baje gashin wani bawan Allah a Gidan Makama don masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto.

Abin da ya sa nake jinjina wa Turawan daban ne: kowane kaya yana da isnadinsa. An san cewa bayan yaƙin rigar ta isa hannun Emma Hamilton, masoyiyar Nelson, cewa bashi ya sa ta fita daga hannunta zuwa na wani mai suna Joshua Smith, kuma cewa Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya saye ta daga matar Smith a kan fam 150 a 1845, ya ba da ita kyauta ga Greenwich. An san likitan jirgin, William Beatty, shi ya ciro harsashin ya riƙe, aka miƙa wa Sarauniya Victoria a 1844. Wannan bin diddigi har labarin da jama'a suka fi so ya gyara, domin masu kula da rigar suna faɗa a fili cewa tabon jinin da ke hannunta da gefenta na ƙasa, mai yiwuwa ba na Nelson ba ne, na sakatarensa John Scott ne, wanda harsashin igwa ya kashe tun farkon faɗan a wurin da ubangidansa ya faɗi daga baya. Da maroƙi aka bar wa labarin, da jinin duk ya zama na jarumi, sunan Scott kuwa ya ɓace, don kirari bai san magatakarda ba.

Mu ma muna da irin waɗannan kayayyaki. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hudojin harsashi a jikinta, kuma ajiye ta bai taɓa mutuncin gawarsa da aka binne a Kano ba. Motar tana kuma tuna mana cewa ba shi kaɗai ya mutu ba, domin dogarinsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa, da direbansa sun rasu a harin. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya faɗi a Burmi a 1903, ta shekara fiye da hamsin a hannun sojan Turawa kafin a mayar da ita Sakkwato a 1960.

Damuwata tana ga abin da bai kai gidan tarihi ba. A gidajen sarauta da na malamai akwai takubba, da sulke, da lifidi, da wasiƙun ajami, waɗanda tsoho ɗaya kaɗai ya san wanda ya riƙe su da yaƙin da suka halarta, kuma ranar da ya kwanta dama sai takobin ya koma ƙarfe, dillali ya taya, a sallama. Al'ummar da ɗalibanta ke haddace silsilar malaman da suka ba su ijaza ba ta da hujjar kasa rubuta wa takobi takarda guda, mai sunan mai shi, da shekarar, da hannuwan da ya bi, a ajiye ɗaya a gida, a kai ɗaya Arewa House ko Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.