Kwamitin tantancewa kuma?

Wai an sake kafa kwamiti. Kwamitin da zai tantance manoman da ruwa ya cinye wa gonaki, ya miƙa rahoto ga wani kwamitin, shi kuma ya duba yiwuwar fara biya "nan ba da jimawa ba". Madalla, sannunku da ƙoƙari. Ruwa ya janye tuntuni, ƙasa ta bushe har ta tsattsage, yanzu ne za a je auna ɓarna. Me za ku tarar a can? Ciyawa?

Ni maganata ɗaya ce: tallafin da bai shiga hannun manomi kafin shuka ta gaba ba, ihu ne bayan hari. Ko nawa ne kuwa. Ku ninka shi sau uku in kun ga dama.

Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana ɗauka asarar manomi ta ƙare ranar da ambaliya ta wuce, ko ranar da fari ya ƙone shuka. Somin taɓi ke nan. Babbar asarar tana zuwa ne a watannin da yake zaman jiran ku. Gida zai fara cinye ɗan abin da ya rage a rumbu. Sai a taɓa irin da aka ware don baɗi, ana cewa kaɗan za a ɗiba. Sai a kai ƙananan dabbobi kasuwa a daidai lokacin da kowa ke kai nasa, mai saye ya taya yadda ransa ya so. Sai mai bin bashi ya yi sallama, domin takin da ruwa ya wanke ba kyauta aka karɓo shi ba. Daga ƙarshe a kwance shanun huɗa daga turke. Daga ranar nan mutumin ya rasa daminar da ta wuce, ya rasa mai zuwa, wataƙila har da ta bayanta. To sai ku iso da rumfa da masu ɗaukar hoto ku miƙa masa ambulan. Ya yi me da ita? Bijimin da ya sayar da araha yanzu ya fi ƙarfin aljihunsa.

Na san masu cewa in aka yi gaggawa manoman bogi za su cika takarda. To yanzu da ake jan ƙafa, su wa ke cika ta? Jinkirin ne ma ke ba su fili. Manomin gaske ya tafi neman aikin ƙarfi don ya ciyar da iyali, wanda ke zaune kusa da ofis shi ke da lokacin bin layi da hoton fasfo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwan farko ake rubuta manomi: sunansa, inda gonarsa take, girmanta, abin da zai shuka, lambar wayarsa. Idan masifa ta faɗa wa yankin, sunayen suna nan, sai a biya.

Kuma kada wani ya ce mini mafarki nake yi. Amurka ta kafa hukumar inshorar amfanin gona tun 1938, bayan farin da ya ɗaiɗaita manomanta, kuma har yau gwamnati ce ke biyan fiye da rabin kuɗin inshorar. Indiya ta fito da nata shirin a 2016: manomi ya biya kashi 2 cikin ɗari na adadin da aka yi wa amfanin gonarsa inshora a noman damina, gwamnati ta cike sauran kuɗin inshorar. Su ma can ana kukan jinkiri, na sani. Amma a 2018 sun sa ƙa'ida cewa kamfanin da ya riƙe kuɗin manomi ya wuce wa'adi zai biya ƙarin kashi 12 cikin ɗari a shekara. Wato an yarda jinkiri laifi ne mai tara. A wurin 'yan kwamiti kuwa jinkiri alawus ɗin zama ne.

In kun ce waɗannan manya ne, to a Marsabit ta arewacin Kenya tun 2010 ake yi wa makiyaya inshorar da tauraron ɗan adam ke duba yadda ciyawar wuraren kiwo ta yi kore, babu mai zuwa ƙirga mushe. Daga baya ma aka gyara tsarin yadda kuɗin zai fito tun dabbobi ba su fara mutuwa ba. Hukumar ARC ta Tarayyar Afirka, mai yi wa ƙasashe inshorar fari, ta biya Senegal da Nijar da Mauritaniya sama da dala miliyan 26 a farkon 2015, bayan ƙarancin ruwan 2014, bisa lissafin ruwan sama da aka amince da shi tun kafin damina. Tauraron yakan yi kuskure? Ƙwarai, wata gonar za ta lalace shi kuma ya nuna lafiya lau. Shi dai ba shi da ɗan uwa da zai cusa a jerin sunaye.

Masu cewa babu kuɗi, ba zan ɓata yawuna ba. Kuɗin da za a biya a makare shi ne dai za a biya da wuri. Masu cewa noma kasuwanci ne, kowa ya ɗauki asararsa, mu haɗu a kasuwa baɗi in rabin gonakin sun kwana babu shuka.

Wallahi abin yana ci mini rai. Mutum ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, bai yi sakaci ko ɗaya ba, dare guda komai ya tafi. Ba ya neman a mayar masa da riba. Iri yake so da taki da ɗan abin da zai riƙe gida, su zo a lokacin da za su yi amfani. Kafin shuka. Sau nawa za a faɗa?

Af, tunda maganar ta zo: hasashen yanayin nan da ake ƙaddamarwa duk shekara a babban otal, da littafi mai sheƙi da jawabai, wa ake yi wa shi ne? An ce za a samu tsaikon ruwa a tsakiyar damina, amma labarin ya tsaya a shafi na arba'in cikin harshen da mai gonar ba ya ji. Kamfanonin waya suna iya turo wa kowa tallar waƙar kira da tsakar dare, saƙon "jinkirta shuka da mako biyu" ne ya gagara?