Kafin Ka Ajiye Aikin Albashi Da Sunan Bangaskiya

A wani taron matasa da aka yi a majami'armu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, bayan ɗaukewar damina, baƙon mai wa'azi ya buɗe Maimaitawar Shari'a 28:13, inda aka ce Ubangiji zai sa ka zama kai, ba wutsiya ba. Ya rufe Littafin, ya dube mu, ya ce: "Su wa ke jiran ƙarshen wata a nan?" Hannuwa kaɗan suka tashi, a kunyace. Sai ya ce mai albashi bawa ne da aka ɗaura wa agogo a hannu, ɗan Allah kuwa ba ya cin abinci a ƙarƙashin wani. Majami'a ta ɗauki "Amin!" har kwanon rufi yana amsawa. Kusa da ni akwai wani dattijo, malamin firamare mai ritaya, wanda ya sha ƙurar alli shekara talatin da ɗoriya, kuma na san daga albashin nan nasa aka sayi wasu daga cikin bencinan da muke zaune a kai. Bai ce amin ba. Ya dai sunkuyar da kai yana juya hularsa a hannu.

Ban ga laifin yaran da suka yi sowa ba. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiyen kwankur, wato takardun jarrabawar neman aikin gwamnati, ya san zafin abin: kuɗin tambur, takardar haihuwa da sai an buga mata hatimi, hotuna, kuɗin mota, sannan a kafe sunaye ka bi da yatsa daga sama har ƙasa ba naka. A 2011 gwamnati ta buɗe gurbi 25,000 na musamman domin matasa, waɗanda suka nema sun ninka guraben fiye da sau goma. Wanda ya samu shiga ma ba lallai ya huta ba. Malaman makarantar da suka ajiye alli a farkon 2022 a ƙarƙashin tafiyar yajin aikin da suka kira OTS, cikin kukansu har da shekarun da mutum kan yi yana koyarwa kafin lambar matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ta fito ko a fara biyansa cikakke. Iyayenmu kuwa ba su manta da 1993 ba, shekarar da aka zaftare albashi har sau biyu, sannan a watan Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi. A wajen 'yan kasuwa masu ɗaukar ma'aikata, mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 36,270 tun daga 2014, sai a 2023 aka kai shi 60,000 ga waɗanda ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba. Wannan a takarda ke nan. Je ka tambayi yarinyar da ke tsaron kanti ko mai gadin dare nawa ke shiga hannunsu.

Kusan mutum tara cikin goma na masu neman abinci a Kamaru, a gona suke, ko kasuwa, ko kan klando, wato babur na haya, ko bakin keken ɗinki. Ga yawancinmu ma maganar "zaɓi" tsakanin aikin wani da aikin kai ba ta taso ba. Wanda bai samu tuwo ba, ai ba a tambayarsa wace miya yake so.

Akwai kuma wani tsohon ciwo namu na Kirista a arewa. Mishan ɗin Lutheran da suka zauna Ngaundare tun 1925, da fadan Katolika da suka iso arewa a 1946, makaranta da asibiti suka kawo tare da bishara, mun kuwa gode. Sai dai a hankali muka ɗauka cewa ɗan da Allah ya yi wa albarka shi ne wanda ya zauna a biro, wato ofis, da alƙalami a aljihun riga. Kasuwa muka bar wa maƙwabtanmu Musulmi, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda kakanninsu suka san fatauci tun zamanin ayarin goro da kanwa. Yaro ya gama jami'a a Marwa ko Ngaundare, ya zauna shekara biyar a ɗakin uwarsa yana jiran kwankur, alhali abokin wasansa da ya tsaya a aji shida yana loda buhunan albasa zuwa Yawunde da Duwala, har ya gina gida. Idan wa'azin baƙon namu zai wanke wannan kunyar ta aikin hannu, to na yarda da rabinsa. Yesu masassaƙi ne, haka mutanen garinsu suka kira shi a Markus 6:3. Bulus ya zauna a Koranti tare da Akila da matarsa suna ɗinkin tanti. Lidiya ta Tayatira, wadda gidanta ya karɓi manzanni a Filibi, 'yar kasuwar tufafi masu tsada ce.

Ɗaya rabin ne ban yarda da shi ba, kuma shi ne mai haɗari.

Ayar kai da wutsiya, ga al'ummar Isra'ila aka faɗe ta, a kan sharaɗin biyayya ga umarnin Ubangiji. Ba ruwanta da wanda ke sa hannu a takardar albashinka. Yusufu ma'aikacin Fir'auna ne. Daniyel ya yi wa sarakunan Babila da na Farisa aiki har tsufansa. Nehemiya mai miƙa wa sarki ƙoƙon sha ne, kuma sai da ya nemi izinin ubangidansa kafin ya tafi gina garun Urushalima. Da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki su buɗe shago ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Shi kansa Bulus ya faɗi dalilin ɗinkin tantinsa: don kada ya nauyaya wa kowa, kuma don ya sami abin taimakon marasa ƙarfi. Ban ga inda ya ce don ya zama "kai" ba. Ungozomar da ke kwana a asibitin ƙauye, da direban da ke ɗaukar auduga daga gonaki zuwa masana'antar Sodecoton, idan duk suka bi wannan wa'azi gobe da safe, wa zai karɓi haihuwar matar mai wa'azin?

Wani abu kuma da ba a karanta mana a irin waɗannan tarurruka shi ne wasiƙar Yakubu, sura 4, daga aya 13. Da 'yan kasuwa yake magana kai tsaye, masu cewa yau ko gobe za mu tafi gari kaza mu shekara mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Mu a nan mun ga fassarar ayar da idonmu. Masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, a bakin titi sun kwana da sana'a mai ci, aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, suka wayi gari lissafi ya rushe. A Arewa Mai Nisa, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani aka taƙaita hawan babur a yankunan kan iyaka, samari nawa ne jarinsu kaf ya koma ƙarfe a jingine a zaure? Waɗannan ba rashin bangaskiya ya kayar da su ba. Amma idan ka koya wa yaro cewa buɗe sana'a shi ne shaidar bangaskiya, ranar da sana'ar ta karye zai ɗauka Allah ne ya juya masa baya, kuma da wuya ka sake ganinsa a sujada.

Na sha jin masu cewa: "Zan bar aikin nan don in sami lokacin Allah, maigidana yana sa ni aiki ranar Lahadi." Hujja ce mai kyau, wani lokaci ma gaskiya ce. Sai dai babbar kasuwar Pitowa, nan kusa da mu, ranar Lahadi take ci. Wanda ya zuba jarinsa a hatsi ko awaki zai gane cewa sabon ubangidan da ya samu ya fi tsohon tsanani, don shi ba ya ba da hutu, ba a kuma kai ƙararsa ko'ina. Na san waɗanda ke zuwa sujadar farko da sassafe sannan su kama hanya, na san waɗanda suka haƙura da cinikin ranar, na kuma san waɗanda rabonmu da su a majami'a tun ranar da aka yi wa shagonsu addu'a.

Inda na fi so mu tsaya shi ne nan: wanda ya gudu daga ƙarƙashin maigida, in Allah ya buɗa masa, kafin shekara biyu shi ma maigidan wani ne.

Ɗan yayata ya yi aiki a wani kamfani da ya riƙe masa albashi wata huɗu. Kullum "a dawo mako mai zuwa". Da ya ce zai bari ya buɗe wurin walda, ni na fara goya masa baya, har na sa hannu a kuɗin injin. Abin ya karɓe shi, ƙofofi da tagogi ba sa yankewa, ya tara yara uku. Wata Asabar da yamma na biya ta wurin, na tarar da ƙaraminsu, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, yana tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur saboda hasken walda da babu tabarau, yana murza tsumma a hannu. Yana jiran ɗan kuɗin sabulu ne. Maigidan ya ce masa, ko ɗago kai bai yi ba: "Ka dawo Litinin." Da yaron ya tafi na ce: "Ɗana, wannan maganar ban taɓa jin ta a wani wuri ba kuwa?" Ya ce: "Haba Kawu, su ai koyo suke yi, ni ya kamata su biya." A makon da ya gabace shi kuwa, shi ne ya ba da baiko mafi tsoka a sujadar godiya ta kaka, aka kira sunansa aka tafa.

Na tuna masa da abin da Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce, a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, ransa yana kan kuɗin. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama. Ka lura, waɗannan ayoyi masu zafi duk a kan mai shago da mai gona da mai mudu suka sauka. Ma'aikaci jarabarsa sananniya ce, cin hanci, zuwa a makare, sa hannu a takardar ƙarya don tsoron kora. Mai zaman kansa kuwa ba mai leƙa littafinsa. Shi ke sa farashi, shi ke auna ƙarfe, shi ya san ko fentin da ya shafa ya rufe tsatsa ne. 'Yancin da ake yi mana wa'azinsa, nauyinsa ke nan.

A nan ma muna da abin koyo a wajen maƙwabta. Tsohuwar al'adar kasuwar Hausa ita ce yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, ranar da ya isa a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Ba kowane maigida ke cika wannan alkawari ba, wasu sukan cinye gumin yaro su nemi laifin da za su kore shi. Amma aƙalla kasuwa ta san abin kunya ne. Mu da muka shigo harkar daga baya, sau da yawa mun ɗauki riba mun bar sallama.

Da ni dattijon ikilisiya ne, da na rage gayyatar masu zuwa da taken nasara, na riƙa kiran tsofaffin teloli da matan da suka shekara ashirin suna sayar da busasshen kifin Lagdo su zauna da matasa. Su za su gaya musu yadda ake raba kuɗin shago da kuɗin cefane, da yadda bashin 'yan'uwa a cikin Almasihu ke kashe sana'a fiye da ɓarawo, don ɗan'uwa ya karɓi kaya ya ce "Allah ya sa albarka" ya ɗauka ya biya. Zumuntar mata ta daɗe tana riƙe adashi ba tare da hayaniya ba, matasa su je su ga yadda ake yi. A kuma sanar da su cewa tun 2014 CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu su riƙa zuba wa kansu kuɗin fansho, domin telan da idonsa ya mutu ba shi da ƙarshen wata. Wanda yake da aiki a hannu kuma zuciyarsa na kan sana'a, ya fara ta da yamma da ranar Asabar, ba da kayan ubangidansa ko lokacinsa ba, ya ga ko za ta ɗauki nauyin gida. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. In kuwa aikin yana tilasta maka ƙarya ko zalunci, wannan wata magana ce dabam, fita ko da ba ka san abin da za ka ci gobe ba, mu kuma ikilisiya mu san cewa tuwonka ya hau kanmu.

Ɗan yayar tawa ya yi fushi da ni kusan wata guda. Kwanan baya na sake biyawa ta wurinsa, an ɗauke wuta kwana biyu, aikin wani mai gini yana jibge ba a taɓa ba. Na same shi da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, sunayen yaran uku a jere, yana ƙirga musu kuɗin mako daga abin da ya ware don sayen ƙarfe. Yana ƙirgawa yana mita, wai Kawu ya ja masa asara. Ƙaramin yana gefe da sabon tabarau na walda a goshi, ya ƙi cire shi duk da babu wutar.