Eh, karen mota ne. Sai me?

Tun jiya nake danne zuciyata kan wannan maganar, amma na ga abin naku ba mai ƙarewa ba ne, toh bari in faɗi nawa kowa ya huta. Wato ku a tunaninku kun tona wa bawan Allahn nan asiri ke nan ko? Kun je kun zaƙulo hotonsa na shekarun baya yana rataye a ƙofar bas, riga duk baƙin mai, silifas ɗin ma wari da wari, kun liƙa shi kusa da hoton ranar da kamfaninsu ya ba shi manaja, kuna ta ƙyaƙyata dariya wai karen mota ya zama oga. Sannunku da ƙoƙari. Gaskiya kun yi bincike mai zurfi, kun gano abin da duk tasha ta sani, abin da shi kansa mutumin in kuka zauna shan shayi shi zai fara ba ka labarinsa kafin ka tambaya.

Kafin wani ya ce an biya ni, mutumin nan ba ɗan'uwana ba ne, ba abokina ba ne, ko pure water bai taɓa saya min ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ɗan bokon nan da ya zauna ya zuba dogon Turanci a kwamen, wai ƙasa ta lalace tunda ana tsallake masu digiri na biyu ana ɗauko 'yan tasha. Ranka ya daɗe, kamfanin sufuri ne fa. Motoci ake lodi, ba lakca ake bayarwa ba. Dan Allah amsa min, mota ta tashi daga Bauchi zuwa Gombe ta dawo, direba ya ce maka ta sha lita kaza, ta yaya za ka gane gaskiya ya faɗa ko ya rage na cefane? Taya ta fashe bayan gadar Dindima ana kiran magariba, mota cike da fasinja har da mai goyo da tsohuwa mai ciwon ƙafa, direba ya kira ka a waya, me za ka ce masa? Bakanike ya ce sai an sauke inji, alhali matsalar ba ta wuce fulogi ba, a wane aji aka koya maka gane wannan? Shi wanda kuke wa dariya ya kwana a ƙarƙashin mota a hanyar Ningi, ya sa weji a hawan hanyar Jos hannunsa na rawa, ya san wane direba ne ke gyangyaɗi bayan ya ci abinci, ya san yadda ake magana da 'yan yuniyon ba tare da an ɗaga murya ba, ya san fasinjan da da gaske kuɗinsa bai cika ba da wanda ya ɓoye sauran a aljihun ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wanda ke harkar mota lissafinsa ya koma na lita da kobo, kuskure kaɗan ka wuni kana yi wa gidan mai aiki. A irin wannan lokacin mai kamfani zai danƙa dukiyarsa a hannun wanda ya san inda kuɗi ke zurarewa. Ko kai ne mai motocin haka za ka yi, kar ka yaudari kanka.

Abin da nake faɗi kullum a shafin nan shi ne, aikin da mutum ya yi da hannunsa shi ke gina shi. Abin da kuka ɗauka abin kunya ne a tarihinsa, shi ne ainihin abin da ya kai shi kujerar. Ku cire shekarun tashar nan daga rayuwarsa ku ga ko akwai manaja.

Ni kaina koyarwa na fara yi a wata makarantar kuɗi, irin wadda albashi ke zuwa lokacin da mai makaranta ya ga dama. A lokacin gani nake ɓata min rayuwa kawai ake yi. Yau ina harkar siminti da rodi, kuma wallahi abin da nake ci da shi a shago a can na samo shi. A can na koyi kallon fuskar uba in ya ce ƙarshen wata zai biya, in gane wanda zai cika da wanda ba za a sake ganinsa ba sai wani zangon. A can na koyi yi wa mutum bayani sau uku ba tare da na nuna masa na gaji ba, toh kwastoman da ya zo sayen rodi bai san bambancin mai kauri da siriri ba ai bai kai ɗan aji uku wahalar sha'ani ba. A can na koyi cewa in ka riƙe haƙƙin wanda ke maka aiki zai yi maka murmushi da safe amma zuciyarsa ba ta wurin, shi ya sa yaran shagona ba sa kwana da kuɗinsu a hannuna. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka rubuta a satifiket ɗina.

Kuma abin dariyar, a Bauchi ake wannan rainin. Bauchi fa! Garin da kabarin Firayim Minista yake. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuke sa hotonsa duk watan Janairu kuna rubuta Allah ya jiƙan maza, me yake yi kafin ya shiga siyasa har ya zama Firayim Minista a 1957? Malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi, alli a hannu, shekara da shekaru yana fama da 'ya'yan mutane har ya zama hedimasta. Muryar nan da nutsuwar nan da Turawa suka yi ta yabo, kuna tsammani ranar rantsuwa aka raba masa su? A gaban allo aka gasa su. Malam Aminu Kano ma nan aka turo shi koyarwa a 1942, yana saurayi, a nan ya sake haɗuwa da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa zaman tattaunawa suna yi wa En'e da Turawan mulki tambayoyin da ba a saba yi musu ba. Jam'iyyar NEPU sai a 1950 ta zo. Wato siyasar talakawan da ake ta yi wa kirari har gobe, wani babban sashe nata a ɗakin malamai da zaurukan garin nan ta nuna. Da a zamanin Facebook suka yi rayuwa na tabbata da an samu wani mai wayo da zai ɗora hotonsu da ƙurar alli a riga ya rubuta, ji wai wannan ne zai riƙe ƙasa.

In kuma tarihin siyasa bai ishe ku ba, mu koma wanda muka yi a Islamiyya. Hadisi ya tabbata cewa babu Annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa. Daga baya ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija zuwa Sham. Annabi Musa shekaru ya yi yana aiki a Madyana kafin a aiko shi wurin Fir'auna. Annabi Zakariyya kafinta ne. Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Malamai sun yi bayani cewa kiwon nan horo ne, mai haƙuri da dabbar da ke bazuwa nan da can shi zai iya haƙuri da mutane. Duk mun san wannan, mun haddace, muna ma turawa a guruf ranar Juma'a. Amma da an nuna mana ɗan unguwarmu da baƙin mai a riga sai mu manta.

Na san abin da za ku ce, tun ban gama ba na ga wasu sun fara. Wai ina hana yara karatu. A ina na faɗa? Mutumin da ake magana a kansa ma ai ya koma ya yi difloma yana aiki yana karatu, wannan ɓangaren ne ba ku ɗora ba saboda zai ɓata muku dariyar. Ku yi karatu, ku yi digiri uku ma in kuna da hali, ni ma 'ya'yana suna makaranta. Wani kuma zai ce ai ba kowane karen mota ne ke zama manaja ba. Toh ba kowane mai digiri ne ke samun ofis ba, sai mu rufe jami'a? Sai masu cewa wahala ba abin alfahari ba ce. Wa ya ce a je a nemo ta? Ita ke zuwa da kanta, ba ta neman izini. Akwai wanda ta karya, wannan gaskiya ne, kuma Allah ya kawo masa mafita. Amma wanda ya shiga ya fito da ilimin da ake biyansa albashi a kai, ku kuma ku ce ya ɓoye hoton, wannan ne ban gane ba.

Yanzu bari in ajiye gatse in yi magana da ƙannena, don su ne abin ya fi shafa.

Irin wannan dariyar tana da illa fiye da yadda kuke zato. Akwai yaro yanzu haka a Bauchi da ya gama bautar ƙasa, alawus ya tsaya, kawunsa ya ce ya zo kasuwar Muda Lawal ya riƙa tsaya masa a rumfa, ya ƙi. Ba lalaci ba ne. Tsoro yake kar 'yan ajinsu su gan shi yana sauke buhu, kar wani ya ɗauke shi hoto. Sai ya zaɓi zaman majalisa daga hantsi har la'asar, wanka fes, waya a hannu, aljihu babu ko na kati, yana jiran aikin gwamnati da ba a san ranar zuwansa ba. Shekara ta wuce, wata ta bi ta. Ranar da aikin zai zo ma, in ya zo, ba shi da labarin komai, bai taɓa riƙe kuɗin wani ba, bai taɓa yin asara ya kwana yana juyi ba, ba a taɓa yi masa tsawa a gaban mutane ya haɗiye ba. Ku kuka jawo masa, ku masu dariya.

Ku tuna yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur ɗalibai na gida. Kowa a unguwarsu ya san kashi biyun da aka rabu. Wasu sun tafi wajen tela, wasu gyaran waya a Wunti, wasu sun bi masu haɗa sola, 'yan mata da yawa sun kama yin cincin da turaren wuta da ɗinkin hijabi suna tallatawa a WhatsApp. Wasu kuma sun yi wata takwas suna zagin gwamnati a nan, wanda ba laifi ba ne, ta cancanci zagin, amma shi kaɗai suka yi. Da aka koma makaranta duk aji ɗaya suka zauna, jarabawa ɗaya suka rubuta, satifiket iri ɗaya aka ba su. Je ka duba su yau. Ba ina nufin na farkon duk sun yi kuɗi ba, a'a, amma in ka yi magana da su za ka ji mutum ne da ya san farashin abu, ya san yadda ake lallashin kwastoma, ya san ɗacin a karɓi kayanka a ƙi biya. Ko aikin ofis ya samu, da wannan idon zai shiga.

Ƙanina, ƙanwata, duk aikin da ya zo hannunka na halal ka kama, kuma ka buɗe ido a cikinsa, don ba kuɗin kaɗai ake samu ba. Mu nawa ne a garin nan aka biya mana kuɗin makaranta da kuɗin masa? Uwa ta tashi tun kafin asuba tana fama da tanda da hayaƙi, masar Bauchi da ake zuwa daga wasu jihohi ana nema, da ita aka yi likitoci da lauyoyi. In ka tambayi irin waɗannan 'ya'yan inda suka koyi lissafi da tashin wuri da rashin raina naira hamsin, ba za su ce maka jami'a ba. Sai ga shi wasunsu yau su ne ke gaba wajen yi wa karen mota dariya. Allah ya shirye mu.

Tunda ma an zo nan, iyayen gida ku ma ba ku tsira ba. Yaro ya yi maka shekara da shekaru a shago ko gareji, ya san kan sana'ar fiye da 'ya'yanka, ya kai munzalin aure, amma ko maganar sallama ba ka yi, kullum sai dai ka miƙa masa na abinci ka ce Allah ya yi albarka. 'Yan kasuwar Ibo da ke garin nan muna gani, yaro ya cika shekarun da aka yi alkawari a buɗe masa nasa shagon a ba shi jari, gobe shi ma ya ɗauko wani. Mu kuwa sai yaro ya gaji ya tafi da kansa, sannan a bi shi da cewa ya ci amana, har a hana dilolin da ya sani ba shi kaya. In ya yi arziki kuma ka ji ana ai yarona ne, ni na koya masa komai. Wannan maganar tana buƙatar nata rubutun daban, kuma zan yi, ko da wasu abokan harkata za su daina amsa min sallama.