Awa ɗaya da rabi, in ji tikiti

Daga Legas zuwa Kano ta sama kusan kilomita 830 ne. Jirgin fasinja in ya daidaita a sararin samaniya yana cin kilomita 800 a awa. In aka haɗa da hawa da sauka da ɗan rarrafen da yake yi kafin ya kai titin tashi, awa ɗaya da rabi ake rubutawa a tikiti. Da wannan lissafin na kira Goggo na ce, "Goggo, ƙarfe biyu za mu tashi, a ɗora sanwa, la'asar a gida zan yi ta."

Shi tikiti bai san Obalende ba, unguwar Legas da na taso daga cikinta. Daga nan zuwa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja bai wuce kilomita 25 ba, amma gadar Third Mainland ita kaɗai ta kusa 12, ga cunkoson unguwar Maryland na jiran mutum a gaba. Wata tanka ta mutu a kan gadar, muka tsaya cak. Mai gala ya wuce mu, ya sayar da kayansa, ya dawo ya same mu inda ya bar mu har ya yi mana sannu. Babu batun tsalle a hau acaɓa, tun 2022 aka hana su a Ikeja.

Wanda zai bi wannan hanya ya riƙe abu biyu. Tashar jiragen waje daban take, na cikin gida kuma tashoshi biyu ne, tsohuwa da sabuwar da ake kira MMA2, don haka a duba tikiti a gaya wa direba tun kafin ya kama hanya. Sannan kantar tantance fasinja ana rufe ta tun da sauran rabin awa ko fiye kafin tashi, ko da jirgin na tsaye kana hango shi.

Na iso da kyar, sai ga sikeli. Kilo 20 aka yarje mini, akwatina ya nuna 23, saboda goron Agege da atamfofin kasuwar Balogun. Kowane kilo da kuɗinsa. Nan na durƙusa a gaban jama'a na zuge akwati, na zaro manyan riguna biyu masu aiki na zuba a jikina, a zafin Legas. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Alhaji, naɗin sarauta za a je?"

Muna zaune aka yi shela: hazo ya rufe Kano. Lokacin hunturu haka yake, in ƙura ta hana matuƙi hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, ba za a bar jirgi ya taso ba, ko da sararin Legas tas yake. Aka ɗaga zuwa ƙarfe biyar, aka sake ɗagawa, bayan isha'i aka ce sai gobe.

Maƙwabcina kuwa, wanda na yi wa dariya da hantsi don ya hau doguwar bas ta bi Ibadan da Ilorin da Jebba, tafiyar kusan kilomita 1,000, shi ya kira ni washegari ina kan layin sikeli, rigunan nan biyu a wuyana. Wai ya iso Na'ibawa, ya ci gurasa, ko ya ƙaraso filin Malam Aminu Kano ya tare ni?