Ragon Layya da Dillalin da Ba Ya Gajiya

Ragon da na saya bara don layya, ni kaina na san ya ga jiya ya ga yau. Ƙahonsa ya naɗe sau biyu, haƙoransa sun zube rabi, amma dillali ya dafa ƙirji ya ce min, "Alhaji, yaro ne, wahala ce ta tsufar da shi." Aljihuna ya yarda kafin ni. Da aka yanka aka soya kashi na farko, sai gidanmu a Pantami ya koma filin gasar tauna. Ƙaramar 'yata ta ajiye tsokarta a gefen faranti ta ce ita ba ta cin taya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne washegari surukata za ta zo daga Kumo, kuma haƙoranta sun yi ritaya tuntuni. Ina zan sa fuskata?

Ƙanena da ke karanta kimiyyar sinadarai a jami'a yana kishingiɗe a tabarma yana min dariya. Ya ce, "Yaya, nemo ɗanyar gwanda." Wai farin ruwan nan mai kama da nono da ke tsatsowa idan an yanke ta, akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira papayin. Taurin nama, in ji shi, zaruruwan furotin ne a ɗaure tam. Za su iya sakuwa da kansu, amma sai an yi jiran gawon shanu, kamar mai kaya da mai saye kowa na jan aji. Papayin shi ne dillalin: ya shiga tsakani, ya rage tudun da ciniki zai hau, a sallama, shi kuma ya fito ba ƙwarzane ya wuce cinikin gaba. Ba ya ƙarewa, ba ya gajiya. Irin wannan ake kira katalis, kuma wani masani ɗan Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa aikin suna a 1835. Har ya shiga labarin ƙarfen da ake sawa a masana'anta don haɗa amoniyar takin zamani, amma ni tun daga "dillali" raina ya ɓaci, don dillali ne ya jefa ni wannan hali.

Ya ce cokali biyu ya ishi kilo guda, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Na ji sarai, na raina. Ragon da ya gagari haƙoran gida guda, cokali biyu ai wasa ne. Na tsinko gwanda uku a bishiyar maƙwabci, da izininsa kafin ku ce wani abu, na goge su tas a abin goga kuɓewa, na cakuɗa da cinya biyu a roba, na rufe ya kwana a kicin. Hannuwana suka yi ta ƙaiƙayi har asuba, na ce alamar aiki ce.

Da safe na hura gawayi zan yi tsire. Na tsira yanka na farko, ya sulale daga tsinke ya faɗa wuta. Na biyu ya narke a yatsuna kamar tuwon da ya yi ruwa. Na ce to dahuwa za ta haɗe shi, na juye a tukunya na rage wuta. Ƙanena ya fito da buroshi a baki, ya leƙa, ya dafe kai. Ashe papayin ba ya saurin mutuwa da zafi, wajen digiri 60 zuwa 70 ma ya fi ƙwazo. Wato dillalin da ya kwana yana aiki, ni kuma na tashi na haɗa masa shayi mai kauri.

Azahar ta yi, surukata ta iso. Ni ina zaure, kunne a tsakar gida. Na ji ƙarar cokali, sai shiru mai tsawo.

"Ke, wannan faten mene ne?"

Uwargida ta ce, "Rago ne, Inna. Maigida ne ya yi masa ilimi."

Na fara laluben takalmi zan gudu masallaci. Sai na ji Inna ta ce akwai ɗan ɗaci kam, amma rabon da ta ci nama har ta ƙoshi ta manta. Ta share kwanon, ta sa aka ɗura mata sauran a kula ta tafi da shi Kumo.

Bana watan layya bai ma kama ba, ta riga ta aiko a tambaya ko gwandar maƙwabcin nan ta yi 'ya'ya.